Kebul ɗin moter sarbo: tambayoyi da amsoshi ga masu injuna da masu gyara a Damagaram

Injunan da kwamfuta ke tuƙawa sun daina zama baƙi a Zinder. Akwai injin sassaƙa ƙofofi da kujeru a wajen kafintoci, akwai na yanka farantin ƙarfe, akwai na surfani mai kawuna da yawa, da na buga manyan alluna, da na cika buhu da ƙulla leda, kuma da yawansu da moter sarbo suke motsi, wato moter ɗin da ake sarrafa saurinsa da inda zai tsaya daidai. Tun da matatar man SORAZ ta fara aiki a 2011, matasanmu suka ƙara mayar da hankali ga koyon na'urori masu sarrafa kansu, sai dai har yanzu ina ganin ana bai wa moter da baryater, wato akwatin da ke sarrafa shi, dukkan daraja, ana ɗaukar kebul ɗin da ya haɗa su a matsayin waya kawai. A aikin gyara da nake yi, sau da dama injin da aka ce moter ɗinsa ya mutu lafiyarsa ƙalau, kebul ne ya gaji. Tambayoyin da ke biye su ne aka fi yi mini.

Mene ne ya raba kebul ɗin sarbo da wayar kuran da ake sayarwa a kasuwa?

Moter sarbo ba ya shan kuran kai tsaye daga layin NIGELEC ko daga gurup. Tsakaninsu akwai akwatin sarrafawa, wanda waɗanda suka koyi aiki da Faransanci ke kira baryater, waɗanda suka koya a Kano kuma ke kira diraif. Baryater yana karɓar kuran na bolt 400 mai layi uku, ya mayar da shi kuran irin na batir mai kimanin bolt 565, sa'an nan ya riƙa yanka shi gunduwa-gunduwa yana aika wa moter, sau 4,000 zuwa 16,000 a cikin sakan ɗaya. Idan baryater na layi ɗaya ne mai bolt 230, abin da yake tarawa a ciki ya kai kimanin bolt 325.

Wannan yankan da ake yi da tsananin sauri shi ne tushen kusan duk abin da za a faɗa a nan. Kowace gunduwa tana tashi daga sifiri zuwa ƙololuwa a cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, don haka tana watsa hayaniyar lantarki ga duk wayar da ke kusa, kuma idan kebul yana da tsawo, gunduwar tana iya bugun bakin moter ta komo, ta haɗu da mai bi mata, ƙarfin ya kusa ninkawa. Saboda haka ake yin kebul ɗin wutar sarbo da rufin da zai jure bolt 600 zuwa 1,000, a kuma lulluɓe shi da saƙar jan ƙarfe, wadda ni nake kira sulke, domin kamanninta da aikinta duk irin na sulken mahaya ne. Wayar gini ba ta da sulke, kuma an yi ta ne don ta kwanta a bango, ba ta motsi har ƙarshen rayuwarta.

Kebul nawa ne ke zuwa wa moter, kuma me kowanne ke ɗauka?

A yawancin injuna biyu ne. Na farko shi ne na wuta, mai jijiyoyi uku da ake wa alama da U, V da W, da ta huɗu mai launin kore da rawaya wadda ita ce ta ƙasa. Idan moter yana da birki, kamar wanda ke ɗaga kan inji sama da ƙasa, za a ga ƙarin ƴan jijiyoyi biyu masu kai masa bolt 24, wani lokaci kuma da wasu biyu na ma'aunin zafin moter. Na biyu shi ne na enkoda, wato na'urar da ke maƙale a ƙeyar moter tana gaya wa baryater inda sandar ta tsaya da saurin da take juyawa. Jijiyoyinsa sirara ne, an murɗe su biyu-biyu domin hayaniyar da ta shiga ɗaya ta shiga ɗayar daidai, baryater ya iya soke ta.

Injunan da suka fito daga Turai, musamman Jamus, sukan bi tsarin launi da ake kira DESINA: ruwan lemo na wutar sarbo, kore na enkoda, shunayya na sadarwa tsakanin na'urori. Injunan Sin da Japan kuwa sau da yawa baƙi ne duka ko ruwan toka, don haka kada a dogara da launi, a karanta rubutun da ke jikin kebul.

Akwai kuma sabon salo da ke haɗa wuta da enkoda a kebul guda, kamar Hiperface DSL na kamfanin SICK da OCT na Beckhoff. Yana rage wahalar shimfiɗa, amma ba ya karɓar madadi: duk wanda injinsa ke da irinsa, sai ya nemi ainihin kebul ɗin da aka yi dominsa.

Yaya ake zaɓen kaurin jijiya, kuma me zafin garinmu ke canzawa a lissafin?

Abin da ake dubawa shi ne amfa ɗin da aka rubuta a farantin moter, wato abin da yake ja a kai a kai. Moter sarbo yana iya jan ninki uku na wannan lokacin tashi ko tsayawa, amma na ɗan ƙanƙanin lokaci ne, ba shi ne ke dafa kebul ba. Kaurin da aka saba gani su ne milimita murabba'i 0.75, 1, 1.5, 2.5, 4, 6 da 10, waɗanda masu lantarki ke kira da ɗaya da rabi, biyu da rabi, har zuwa sama. Kayan Amurka da wasu na Asiya suna zuwa da lambar AWG, inda lamba ke raguwa kauri na ƙaruwa: AWG 16 kimanin 1.3 ne, AWG 14 kimanin 2.1, AWG 12 kuma kimanin 3.3. Na sha ganin an sayi AWG 14 da zaton biyu da rabi ne, alhali bai kai ba.

Ƙa'idar IEC 60204-1, wadda ta shafi lantarkin injuna, ta gina jadawalinta a kan zafin wuri na digiri 40. A kan wannan, kebul mai rufin PVC da aka shimfiɗa a jikin bango yana ɗaukar kimanin amfa 15 idan ɗaya da rabi ne, amfa 21 idan biyu da rabi ne, amfa 28 idan huɗu ne. To, a nan ne maganar ta zama tamu. A Turai digiri 40 iyaka ce da ba kasafai ake kai wa ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin inuwa kansa yakan haura haka, balle shago mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana, balle kuma cikin akwatin lantarki da baryater ke huci a ciki. Ƙa'idar ta ce idan zafi ya kai digiri 45 a ninka da 0.91, idan 50 ne da 0.82, idan 55 ne da 0.71. Ke nan biyu da rabin da ke ɗaukar amfa 21 a takarda, a digiri 50 amfa 17 kawai zai ɗauka lafiya, a digiri 55 kuma bai cika 15 ba. Idan kebul da yawa sun cunkushe a bututu ɗaya, sai an sake ragewa, domin kowanne yana dumama ɗan uwansa.

Shawarata ga duk wanda lissafinsa ya zo daf da iyaka ita ce ya hau mataki ɗaya, matuƙar jijiyar za ta shiga fulogin moter da bakin baryater. Kebul da ke aiki da zafi ba ya ƙonewa rana ɗaya. Rufinsa ne ke bushewa a hankali, bazara bayan bazara, har ranar da zai tsage.

Ta yaya zan gane jan ƙarfe na gaske?

Akwai waya da ake yi da alminiyam a shafa mata jan ƙarfe a baya, kuma ido kaɗai ba ya rabe ta. A kankare sili ɗaya da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyam ne. A kara masa wutar ashana, sai a ga ya lanƙwashe ya yi laushi nan take, alhali jan ƙarfe yana yin ja ne ya tsaya. Ga mai mitar awon lantarki kuma, tsawon mita 100 na ɗaya da rabi na gaske yana nuna kimanin om 1.2 zuwa 1.3, na alminiyam kuwa yana kusantar om 2. Irin wannan waya tana ɗaukar zafi, tana kuma karyewa da wuri idan ana lanƙwasa ta, don haka ba ta da gurbi a jikin injin sarbo. A lura cewa silin sulke yakan zo fari saboda an shafa masa kuza don hana tsatsa. Wannan daidai ne, kuma idan aka kankare shi ja ne zai fito.

Shin dole ne a haɗa sulke, kuma ta wace hanya?

Dole ne, kuma yadda aka haɗa shi ya fi samuwarsa muhimmanci. Sulke mai kyau yana rufe aƙalla kashi 85 cikin 100 na jikin kebul. Aikinsa shi ne ya tattara hayaniyar da ke fita daga jijiyoyin wuta ya mayar da ita ga baryater ta gajeriyar hanya, maimakon ta bi jikin inji, ta bi wayar enkoda, ta rikita kwamfuta. A kebul ɗin wuta ana haɗa shi ta ɓangarorin biyu, wajen moter da wajen baryater, kuma ana kama shi ne zagaye guda, wato a fere rigar kebul kaɗan, a bar saƙar yadda take, a danne ta da maƙalar ƙarfe a jikin farantin akwati inda babu fenti.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a warware saƙar, a murɗe ta kamar wutsiyar ɓera, a ja ta taki guda a ɗaure a kusa. Idan aka gwada da mita za a ga tana haɗe, mai gyara ya tafi hankalinsa kwance, amma ga hayaniya mai saurin gaske wannan wutsiya toshewa ce, kuma rabin amfanin sulken ya tafi. Game da sulken kebul ɗin enkoda, a bi abin da littafin baryater ya ce, domin kamfanoni sun ɗan sha bamban a kai. Galibi dai ta jikin ƙarfen fulogi yake haɗuwa.

Sulke kuma ba ya maye gurbin wayar ƙasa. Zinder tana zaune a kan dutse da yashi, kuma a rani ƙasa takan bushe har sandar da aka kafa ta kusa zama ado. Ya kamata a kafa sanda fiye da ɗaya a wuri mai riƙe damshi, a haɗa su, a gwada su a tsakiyar rani, lokacin da suka fi rauni. Sa'an nan moter, baryater da gangar jikin inji duka su haɗu a farantin ƙasa guda da waya mai kauri kuma gajeriya. A wajen shimfiɗa, a raba kebul ɗin wuta da na enkoda da tazarar aƙalla santimita 20, idan kuma tilas ne su haɗu, to su gicciye juna, kada su jera kafaɗa da kafaɗa.

Kebul mai laushi ba shi ne kebul mai motsi ba?

A'a, kuma wannan ruɗani ya fi kowanne cin kuɗin masu injuna. Ƙa'idar IEC 60228 ta kasa jijiyoyi aji-aji: aji 1 sanda ɗaya ce, aji 2 sili kaɗan masu kauri, aji 5 mai laushi, aji 6 mai sili sirara ƙwarai. Kebul mai aji 5 yana lanƙwasuwa a hannu, amma an yi shi ne don a shimfiɗa a bar shi. Wanda zai shiga sarƙar jan kebul, ya riƙa kai da komo tare da kan inji dubban sau a yini, shi ne mai aji 6, wanda aka murɗe jijiyoyinsa da gajeren taku, aka saƙa sulkensa yadda ba zai warware ba, kuma mai ƙera shi ya rubuta cewa na sarƙa ne. Siemens, alal misali, ya raba nasa gida biyu: Motion-Connect 500 don wurin da galibi ba ya motsi, da 800PLUS don sarƙa. Kamfanin igus yana da chainflex, Lapp kuma yana da jerin Ölflex Servo mai ɗauke da na zaune da na motsi. Hannun mutum-mutumi da ke murɗawa yana buƙatar wani iri na uku, wanda aka yi don jure murɗa.

An taɓa kirana wani shagon kafintoci inda injin sassaƙa ke tsayawa a tsakiyar aiki, ya ɓata ƙofar da aka yi awa uku ana zana ta. Mai shagon ya riga ya yanke hukunci, ya ce mini: “Malam, moter ɗin nan ya gama yayi, ka faɗa mini kuɗin sabo kawai.” Na ce masa: “Alhaji, a yi mini haƙuri na ga inda yake tsayawa tukuna.” Muka tura kan injin a hankali sau biyar, kuma duk sau biyar ɗin a wuri guda ya tsaya, kimanin taki biyu kafin ƙarshen tebur. Da na buɗe sarƙar, na tarar da garin katako ya cika ta har ya daskare, koren kebul kuma ya murɗe kamar igiyar rijiya. Rigarsa ba ta da ko ƙwarzane, amma da na bi ta da yatsa sai na ji wani wuri ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana. Na yanka a nan, na ga jijiya ɗaya ta karye saura sili biyu, tana haɗuwa idan kebul ya miƙe, tana rabuwa idan ya lanƙwasa. Wani ne ya taɓa musanya kebul ɗin asali da na zaune saboda ya fi araha.

Wajen sa kebul a sarƙa, a warware shi daga nadinsa ta hanyar juya nadin, kada a zare shi ta gefe domin hakan yana sa masa murɗa tun kafin ya fara aiki. A shimfiɗa shi a ƙasa ya huta ya miƙe, sa'an nan a kwantar da shi a sarƙa, a bar masa sarari kimanin kashi 10 cikin 100 na kaurinsa, a kama shi a bakin sarƙar kawai, kada a ɗaure shi a ciki ko a haɗa shi da ɗan uwansa. Lanƙwasar sarƙa kada ta gaza ninki 7.5 zuwa 10 na kaurin kebul. Mai kaurin milimita 12 ke nan yana son lanƙwasa mai faɗin milimita 90 zuwa 120 daga tsakiya. Wanda ke zaune yana jure ninki 4 zuwa 5.

Wace riga ta fi, PVC ko PUR?

PVC ta fi araha kuma ta isa a cikin akwati ko a busasshen wuri marar motsi. Inda akwai man inji, ruwan sanyaya ƙarfe, ɓarɓashin ƙarfe ko gogayya, PUR ce ta dace, wato robar polyurethane, domin mai yana shiga PVC ta gama-gari ya kumbura ta, daga baya ta ƙandare ta farfashe. Masu matsar man gyaɗa da masu aikin fata su ma su lura da wannan. Yawancin waɗannan kebul iyakarsu digiri 80 ce, don haka kada a jingina su da jikin moter mai zafi. Idan wani sashe zai bi waje, a sa shi a bututu, domin ranar Damagaram tana cin roba da sauri fiye da yadda mutum ke zato.

Akwai iyaka ga tsawo?

Akwai, kuma littafin kowane baryater ya faɗi tasa. Ƙananan baryater da yawa suna tsayawa a mita 20 zuwa 50. A kebul ɗin wuta, tsawo yana ƙara kuran da ke zurarewa ta sulke zuwa ƙasa, wanda ke wahalar da baryater, kuma shi ne ke sa na'urar kariya daga zurarar kuran ta riƙa faɗuwa ba tare da an ga dalili ba. Maganin wannan ba cire wayar ƙasa ba ne, kamar yadda na ga wasu na yi, abin da ke jefa ran mai aiki cikin haɗari. A rage tsawo, a kuma sa na'urar kariya irin wadda ta dace da baryater, wato nau'in B ga masu layi uku.

A kebul ɗin enkoda matsalar ta fi saukin lissafi. Enkoda da yawa suna aiki da bolt 5, kuma ba sa jure ƙasa da 4.75. A ɗauki jijiya mai kaurin 0.14 da tsawon mita 20: zuwa da dawowa om 5 ne, idan enkoda na jan miliamfa 150 an yi asarar bolt 0.75 a hanya, abin da ya isa gare shi 4.25 ne, sai ya fara ɓata lissafi. Idan jijiyoyin abincinsa 0.5 ne, asarar ba ta wuce bolt 0.21 ba. Shi ya sa a kebul ɗin asali za a ga jijiyoyi biyu sun fi sauran kauri. Ragowar tsawo kuma kada a naɗe shi kamar gammo a cusa a akwati kusa da baryater. A sayi tsawon da ake buƙata da ɗan rara kaɗan.

Kebul ya katse, za a iya jona shi?

Don a ƙarasa aikin da ke kan tebur, a wurin da ba ya motsi, ana iya yi na ɗan lokaci, da sharaɗin kowace jijiya ta samu rufinta kuma sulken ya ci gaba zagaye guda a kan jonin. A cikin sarƙa kuwa ba na yarda da joni ko na kwana ɗaya, domin dalma tana ƙandarar da sili, kuma daidai gefenta zai sake karyewa. Murɗa waya da hannu a naɗe da sikoc a kan layin da ke ɗauke da fiye da bolt 500 ganganci ne. Idan ana son ƙari na dindindin, akwai kebul na ƙari mai fulogi mace da namiji, irin su M23 da M17, waɗanda gangar ƙarfensu ke ɗaukar sulke daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Idan moter na juyawa baibai, in musanya jijiyoyi biyu kamar yadda ake yi wa moter ɗin famfo?

Kada a kuskura. Baryater yana aika kuran ne bisa abin da enkoda ya gaya masa, don haka idan aka musanya U da V, ko dai ya tsaya da lambar kuskure, ko moter ya yi ta karkarwa, ko ya zabura da gudu ya bugi ƙarshen inji. Ana sauya alkiblar juyawa ne a cikin saitin baryater.

Ta yaya zan tabbatar laifin na kebul ne kafin in kashe kuɗi?

Alama ta farko ita ce wadda ta bayyana a shagon kafintan nan: kuskure mai zuwa a wuri guda na tafiyar inji, ko mai zuwa idan an taɓa kebul, ko mai ƙaruwa da tsakar rana. Lambar da baryater ke nunawa ma tana taimakawa. A.C90 a Yaskawa, AL011 a Delta, da AL.16 ko AL.20 a Mitsubishi duka suna nuni ga matsala tsakanin baryater da enkoda, kuma kafin a zargi enkoda, a fara da fulogi da kebul. Idan inji yana da moter biyu iri ɗaya, a gwada kebul ɗin mai lafiya a kan marar lafiya, bayan an tabbatar hakan ba zai sa wani sashe ya motsa ba zato.

Kafin a taɓa komai, a kashe kuran, a kulle makunnin, a jira lokacin da aka rubuta a jikin baryater, wanda yakan kama daga minti 5 zuwa 15, har fitilar caji ta mutu, sa'an nan a auna da mita a tabbatar. Baryater yana riƙe kuran mai kisa bayan an kashe shi. Idan moter ɗin na ɗaga kaya ne, a tokare kayan tukuna. Daga nan a cire kebul ta ɓangarorin biyu, a auna kowace jijiya daga wannan baki zuwa wancan yayin da wani ke lanƙwasa kebul ɗin taki-taki, domin karaya irin wannan tana ɓuya idan kebul na kwance. Gwajin rufi da na'urar mega a bolt 500 na kebul ɗin wuta ne kawai, kuma sai an raba shi da baryater. Ƙa'ida ta ce kada ya gaza megaom 1, kebul mai lafiya kuwa yana nuna fiye da haka nesa ba kusa ba. Wanda ya sa mega a layin da enkoda ke haɗe, ya kashe enkodan.

Me ya sa inji ya manta wurinsa bayan na cire kebul ɗin enkoda?

Wasu enkoda suna riƙe lissafin zagayen da suka yi ko da an ɗauke kuran, kuma da yawansu da ɗan batir mai bolt 3.6 suke yin haka. Batir ɗin yana zaune a jikin baryater ko a wani ƙaramin akwati da ke maƙale a kebul ɗin kansa, don haka da zarar an zare fulogi daga moter, enkoda ya rabu da batir, lissafin ya goge. Yaskawa yana nuna A.810, Mitsubishi kuma AL.25. Ba lalacewa ba ce, amma sai an sake nuna wa inji mafarinsa. Kafin a cire irin wannan kebul, a kai kowane sashe mafarinsa, a yi alama da alli ko fenti, a kuma rubuta lambobin da allo ke nunawa. Shi kansa batir ɗin ana canza shi ne yayin da wutar sarrafawa ke kunne, bisa bayanin littafin.

Wace kulawa ta dace da yanayinmu?

Kowane lokaci na shekara da irin tasa ɓarna. A hunturu ƙura mai laushi tana shiga sarƙa, ta haɗu da maiƙo ta zama kamar takardar goge katako, don haka a riƙa buɗe sarƙar ana sharewa da burushi da busasshen tsumma, ba da fetur ba. A bazara a riƙa taɓa kebul ɗin wuta bayan inji ya yi awa biyu yana aiki. Idan hannu ba ya iya daɗewa a kai, a koma ga lissafin kauri. A damina kuma damshi yana bin ƙurar da ta taru a fulogi ya haɗa ƙafafunsa, shi ya sa ake son fulogi mai lambar IP65 ko IP67, wato mai hana ƙura da ruwa shiga, a ɗaure shi har ƙarshe, a kuma bar kebul ya ɗan sauko ƙasa kafin ya hau zuwa moter, yadda ruwa ko mai zai ɗiga a ƙasa maimakon ya gangara cikin fulogi.

Ɓera kuwa ba shi da lokaci, musamman a wuraren da ake sarrafa gero, wake ko gyaɗa. Na taɓa buɗe akwatin wani injin cika buhu na tarar da sheƙa a bayan baryater, an yi ta da zaren buhu da guntayen koren roba, ƙananan jijiyoyin enkoda kuma tsirara suna ƙyalli. A toshe duk ramin da kebul ke shiga akwati da maƙalarsa, kada a bar ƙofa a buɗe da sunan shan iska. Idan zafi ne, a sa fanka mai matata. Sau ɗaya a wata a bi kebul da ido da hannu, ana neman murɗewa, kumburi, tsagewa, ko garin roba a ƙasan sarƙa, a rubuta abin da aka gani da ranar da aka gani.

Me zan faɗa wa mai sayarwa, kuma in ajiye na ko-ta-kwana?

A ba shi lambar moter da ta baryater kamar yadda suke a farantinsu, da lambar da ke jikin tsohon kebul, da tsawo, da bayanin ko moter yana da birki, ko enkoda mai batir ne, ko kuma kebul ɗin zai shiga sarƙa. A aika hoton fulogin ta fuska, yadda ƙafafunsa za su ƙirgu, domin fulogi biyu suna iya zama iri ɗaya a ido alhali jerin jijiyoyinsu ya bambanta, kuma wanda aka jera wa wani kamfani yana iya ƙona enkodan wani. Idan kaya ya iso, a auna shi ƙafa da ƙafa a gwada da zanen littafi kafin a jona.

Kano tana da nisan kimanin kilomita 240 daga nan, Yamai kusan 900, kuma kebul na musamman sau da yawa sai an yi odarsa daga Sin ko Turai, ya yi makonni a hanya. Saboda haka duk mai injin da abincinsa ya dogara da shi, ya ajiye kebul ɗin wuta ɗaya da na enkoda ɗaya na sashen da ya fi kai da komo, tun ranar da ya sayi injin. A naɗe su da faɗi, a rufe bakin fuloginsu, a sa su a akwatin ƙarfe mai murfi a ɗaki mai inuwa, a kuma manna takarda a kai mai ɗauke da sunan injin da sashen da kowanne zai shiga.